Sulalla Shida a Aljihu: Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Maraɗi

Wani dattijo maƙwabcinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, tsohon akawun kamfani, ya riga mu gidan gaskiya bayan ƙaramar salla. Da aka zauna rabon gado, can ƙasan adakarsa, ƙarƙashin takardun fili da tsofaffin rasiɗai, aka tsinci wani ɗan akwati mai shimfiɗar karan-miski a ciki. Sulalla shida ne a kwance, kowanne a gurbinsa: ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fataka, dukkansu na shekarar 1959. Malamin da ke rabon ya ce ba zai yi musu kuɗi da ka ba, sai an san ƙimarsu, domin akwai marayu a cikin magada. Uwargidan marigayin ta nemi a ba ta su ta dirje da toka da lemon tsami, wai kwabon ya yi duhu. Babban ɗan ya hana don tsoron haƙƙi. A ƙarshe aka ce tunda ni ne mai yawan karance-karance a layin, in ɗauka in nemo wanda ya san kansu.

Asalinsu dai ba ɓoyayye ba ne. Su ne tsabar kuɗin farko da suka fita da sunan Tarayyar Nijeriya, a shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya buɗe ƙofa, ranar 1 ga Yuli, 1959. Kafin nan kuɗin hukumar da Turawa suka kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma a 1912 muke kashewa. Ɗari da kwabo na tagulla ne, masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida. Taro rawaya ne mai kusurwa goma sha biyu, da auduga a bayansa. Sisi na ɗauke da koko, sule da kwakwar manja, fataka da gyaɗa, a gabansu kuwa kan Sarauniya Elizabeth ne da kambi. Duk wanda ya haura sittin a Tarauni ya kashe irinsu. Sai dai na cikin akwatin nan daban suke. Filinsu na ɗaukar ido har kana hango fuskarka, bakinsu kuma kaifi-kaifi, da gani ka san ba su taɓa kwana a aljihu ba.

Na fara da gida. Safiyar wata Asabar na tari adaidaita sahu a titin Zariya, daura da Asibitin Malam Aminu Kano, muka bi ta Dangi da Ƙofar Nassarawa, muka wuce gidan Sarki, aka sauke ni inda ƙafa kaɗai ke shiga. Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma har yau a lungun masu kayan gargajiya za ka tarar da tsofaffin kuɗi zube a tasa, cakuɗe da tsakiya da mundaye. Na tsuguna na yi ta tona wata tasa. Anini ya fi yawa, wanda sai ka tara goma kafin su zama kwabo, da rubutun Larabci a jikinsa. Na farkonsa, na 1907, da alminiyam aka buga shi, kuma masana na lissafa shi a matsayin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya. Yanayinmu ya ci shi, shekara na zagayowa aka sauya ƙarfen. Akwai kuma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus kafin a kai ga sakin kuɗi da sunansa a Ingila kanta. Mai rumfar ya san wannan labari, ya kuma tsuga masa kuɗi, alhali miliyoyinsa aka buga. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne duk tasar ta sha guga da yashi, kowane kwabo ya yi jawur yana walƙiya. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Alhaji, ai Bature ba ya sayen abu mai dauɗa.”

Da na buɗe masa akwatina bai yi wata-wata ba ya miƙa hannu zai ɗauki fataka da yatsu, na janye. Ya tura ni wurin wani maƙerin farfaru a bayansu. Shi wannan da ido kawai ya dube su ya ce babu azurfa a ciki, kuma gaskiyarsa, tagulla ce da nikel. Tun 1920 aka daina sa azurfa a kuɗin ƙasar nan. A wurinsa magana ta ƙare ke nan, domin shi sikeli ya sani. Ya ɗauko mini abin da yake kira kuɗi, liyari, babbar azurfar nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, mai nauyin giram 28, wadda kowace ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinta ko da jiya aka buga ta. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya sauka Kano a 1851, liyari guda wuri 2,500 ake canza ta. Yau maƙera ke narka ta su yi zobe da warwaro.

A Wapa, kasuwar 'yan canji, aka sa ni a hanya. Na je Fagge wurin wani ɗan canji da muka saba, ya duba ya ce wannan ba layinsu ba ne, amma akwai wani tsohon ma'ajin banki a Maraɗi da yake yi masa aike, mutumin da ba shi da hira sai ta tsofaffin sulalla. Nan take ya buga masa waya. Dattijon ya ce hoto ba ya nuna abin da yake son gani, in da hali in zo da su. Na canji saifa a wurin, zuciyata na suya. Mu da muka taso muna yi wa kuɗin Nijar kallon ganye, yau jika guda ta saifa ta haura naira dubu biyu.

Daga tashar Ƙofar Ruwa na shiga motar Katsina, akwatin na naɗe da hankici a aljihun 'yar ciki. Kuɗin mota ya ninka abin da na saba biya kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023, har da ɗoriya. Muka ratsa Dawanau, manyan motocin hatsi sun cushe hanya, sannan Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya. Aikin raba titin biyu ya sa wani wuri ka yi gudu, wani wuri ka sha ƙura. A Kankiya direba ya tsaya salla. Na sayi fura, yarinyar ba ta da canjin hamsin, ta cika mini da ƙullin sukari. Haka muke yanzu daga Unguwa Uku har bakin iyaka: farashi na tsalle hamsin-hamsin, ɗari-ɗari, saboda abin da ke ƙasa da haka ya mutu a hannun mutane. A Fabrairun 2007 an sake fito da kwandala ta kwabo hamsin, da naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu mai ginin majalisa. Ban taɓa ganin mai shayi ya karɓe su ba.

A Katsina na kwana gidan gwaggona, kusa da hasumiyar Gobarau, domin hanyar Jibiya ba a binta da yamma. Ta yi mini tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ta zauna tana kallona har na cinye, tana mitar cewa Kanawa sai buƙata ke kawo su. Na nuna mata abin da ke tafe da ni. Ta kai fitila kusa, ta ce, “Allah sarki, sule!” Ta shiga ba ni labarin yadda suke zura kwabo mai huji a zare su ɗaura a ƙugu in an aike su kasuwa, da yadda ranar 1 ga Janairu, 1973 ta rikita tsofaffi, da aka ce fam guda ya zama naira biyu, sule goma naira guda. Ta ce ita a cikin sababbin kwabo ashirin da biyar ta fi so, mai dalar gyaɗa, don mijinta a harkar gyaɗa ya yi arzikinsa na farko. Da asuba ta cusa mini ƙullin dakuwa da ƙuli-ƙuli a jaka, ta ce in gaida mutanen Maraɗi, ai 'yan uwansu ne.

Tsakanin Katsina da Jibiya tafiyar ba ta da nisa, shingaye ne ke tsawaita ta. A Magama aka duba takarduna, a Ɗan Isa aka sake dubawa, aka buga hatimi, muka wuce. Ƙasa ɗaya ce ga ido, gero da kalgo da amalanken shanu. Kafin azahar muna Maraɗi.

Abin da ya fara shiga kunnena a tasha ƙarar tsaba ce. Mai ruwan sanyi na kaɗa ta a gwangwani, almajiri na ƙirga ta a tafin hannu, ɗan kabu-kabu ya ba ni canji da ita har aljihuna ya yi nauyi. Lissafinsu kuwa sai da na natsu. Da dala suke ƙirga, kowace dala tamma biyar, saboda haka da ɗan kabu-kabun ya ce dala sittin, saifa ɗari uku yake nufi. Ɗari biyar dala ɗari ce, dubu kuma jika. Ƙasashe takwas ke kashe wannan kuɗi, babban bankinsu na Dakar, kuma a ɗaure yake da yuro a kan 655.957. Mutanen Nijar na da ƙorafinsu a kan wannan ɗauri, sun kuma ba ni shi dalla-dalla a majalisar shayi, ba su manta da Janairun 1994 ba, da aka wayi gari kuɗinsu ya zube da rabi. Amma dai mai dala biyar a can yana da abin saye. Kwanon shinkafa da wake da mai da yaji dala ɗari na biya, wanda in ka juya shi naira bai fi na bakin Asibitin Malam sauƙi ba. Dogon burodinsu mai ɓawo kuwa ya fi namu arha, ya kuma fi shi riƙe ciki.

Mai masaukina a unguwar Zariya yake, dattijo siriri mai farin gemu da tabarau a rataye. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, “Bakano, ka sha hanya. Ba a maganar kuɗɗi da yunwa.” Aka kawo fura da nono mai kauri a ƙwarya, da la'asar aka gasa zabi, da dare tuwon gero. Ɗakin babban ɗansa da ke karatu a Faransa aka gyara mini, har da sabon gidan sauro. Na kawo zancen otal, ya dube ni duban da ya sa ban ƙara ba. A Kano baƙon da ba a taɓa gani ba zaure yake tsayawa, shi kuwa har cikin gida ya sa aka kai ni na gaida Hajiya. Ya ce kakanninsu Katsinawa ne da suka taso bayan jihadi, farkon ƙarni na 19, shi ya sa sarkinsu har yau Sarkin Katsina ake ce masa. Tsohon garin a cikin kwari yake, bakin gulbi, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu.

Sai bayan isha ya ce in kawo. Ya sa aka kashe dogon ƙwan ɗakin, ya kunna 'yar fitilar tebur guda. Ya ce hasken da ya bazu ko'ina rufa-rufa yake yi, haske ɗaya daga wuri ɗaya shi ke tona asiri. Ya wanke hannu ya tsane, ya shimfiɗa tawul mai laushi, ya ajiye madubin ƙara girma mai ninki biyar. Ya kafa mini doka biyu: ba a riƙe sule sai ta gefe, ba a kuma magana a kansa, don ɗigon yawu da ido ba ya gani shi ke zama baƙin tabo bayan shekaru.

Kafin ya taɓa nawa sai da ya buɗe nasa. Ya fito da rabin dalar Amurka guda biyu, masu hoton Benjamin Franklin a gaba da ƙararrawa a baya, shekararsu ɗaya, kowace a rufe cikin kwanson roba mai lamba. Ta farko duk jikinta walƙiya take, hoton da filin ba bambanci. Ta biyun da ya karkata ta a ƙarƙashin fitila sai filin ya koma baƙi wuluk, kan Franklin ya taso fari sol, tamkar farin aiki a wuyan kore da ta sha bugu a Kura. Ya ce, “Wagga ita ce kamiyo. Bisa ita mutane ka zubda dukiya.”

Bayaninsa ya ɗauki dare, ga abin da na riƙe. Kuɗin kashewa inji ke watso su ɗaruruwa a minti guda, su faɗa kan juna, a kwashe a buhu. Bugun da ake kira furuf kuwa ba don kasuwa ake yinsa ba, don kyauta ne da ajiya. Ana goge fallen ƙarfen tun kafin a buga, a goge hatimin bugun shi ma har ya zama madubi, sannan a buga a hankali, da ƙarfi, sau biyu ko fiye, a ɗauke da safar hannu. A jikin hatimi hoton a lotse yake. In an jiƙa hatimin a ruwan asid ko an fesa masa yashi, sannan aka goge saman kaɗai, ramin hoton zai rage da ɗan kaushi. Wannan kaushin ne ke fitowa a jikin sule ya watsa haske ya zama fari, filin kuma ya mayar da haske gefe guda ya zama baƙi. Matsalar ita ce a da kaushin ba ya jurewa. A gidan buga kuɗi na Filadelfiya, tsakanin 1950 da 1964, 'yan gomomin farko da sabon hatimi ya buga su ke fita da farin sosai, daga nan ya riƙa dusashewa har ya ɓace, a ci gaba da buga dubbai da hatimin da ya riga ya yi santsi. Ma'aikatan ba su damu ba, masu saye ma ba su damu ba. Sai daga farkon shekarun 1970, bayan aikin ya koma San Faransisko a 1968, aka koyi yi wa hatimi rufin kurom don kaushin ya daɗe, yau kuma da hasken leza ake zana shi. Shi ya sa kamiyo a sabon bugu ba abin tutiya ba ce, kusan kowanne na da ita. A tsohon bugu ne take tsada, har sulalla biyu masu shekara ɗaya da lamba ɗaya, ɗaya ya ninka ɗan uwansa sau goma ko fiye.

Lambar kuma labarinta daban. Wani Ba'amurke, William Sheldon, shi ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70 a 1949. Furuf ɗin da bai ji rauni ba tsakanin 60 da 70 yake faɗawa. Kamfanoni biyu suka riƙe kasuwar tantancewa, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Ka aika musu, masanansu su duba, su sa lamba, su rufe a roba. In farin matsakaici ne su rubuta kamiyo, in ya yi kauri babu tsinkewa su rubuta mai zurfi. Sharaɗin shi ne sai fuska biyun duk sun cika. Gaba ya yi fari, baya ya gaza, to an rasa.

Na ce masa, “Baba, wannan ai dillanci ne.” Ya yi dariya ya ce bai musa ba. Ni dai haka na fahimce shi. A Kantin Kwari ko kasuwar shanu ta Wudil, baƙo biyu da ba su san juna ba na ƙulla ciniki don akwai wanda ya tsaya a tsakani, aka yarda da idonsa. Su can sun ɗauki wannan ido sun rufe a roba, don mai saye a Tokiyo ya biya mai sayarwa a Landan ba tare da ya taɓa kayan ba. Dabara ce mai kyau. Inda ban gamsu ba shi ne yadda ake yi wa lambar kallon wahayi. Shi da kansa ya gaya mini akwai masu fasa robar su sake aikawa da fatan samun ƙarin maki guda, kuma wani lokaci su samu. Tsakanin 69 da 70 kuwa, bambancin da sai da madubi ake ganinsa, ko ma ba a gani, mutum ya biya ninki. A nan ina ganin an bar sulen an koma sayen takardar da ke manne da shi.

Daga nan ya jawo akwatina. Ya ɗauki kowanne yana juya shi a hankali, haske na zagaya filin. Ya tabbatar furuf ne na gaske, bugun gidan buga kuɗi na Ingila, cikin 'yan dubban da aka yi don manyan baƙi da masu tarawa. Sulen ya fi burge shi. Kan Sarauniya ya yi fari mai kyau, amma da ya juya, kwakwar bayan farinta ya tsinke a tsakiya. Ya ce, “Gaba ya ci, baya ya faɗi.” Sisin na da ɗan fari ta ko'ina amma siriri. Da ya zo kan fataka ya yi shiru, ya miƙo mini madubin. Da farko ban ga komai ba. Ya karkata ta kaɗan, sai ga siraran layuka birjik a filin, duk sun nufi gefe guda. Wani ya taɓa share ta da gefen riga, wataƙila sau ɗaya tak, wataƙila shekara hamsin da suka wuce. Ya ce wannan ba ya gyaruwa har abada, kuma shi ke sauko da lamba fiye da komai. Kwabon da uwargida ta ƙi jinin duhunsa kuwa, shi ya yaba. Tagulla in ta daɗe haka take rinewa, kuma masu saye sun fi son rininta da jan guga. Da toka ta taɓa shi, da kamfanin ma ba zai sa masa lamba ba, sai dai ya rubuta cewa an wanke.

Na tambaye shi ko a aika Turai a tantance. Ya ce shi ta hannun ɗansa yake aikawa ofishin PCGS na Paris, amma in an haɗa ladan dubawa na guda shida da kuɗin aike da inshora, za a ci rabin abin da za a samu, ko fiye. Shawararsa a bar su tare a akwatinsu, a sa a wuri mai bushewa nesa da turaren wuta, a sayar wa mai so a dunƙule. Ƙimarsu, in ji shi, da ƙyar ta kai kuɗin matsakaicin rago. Washegari na buga wa babban ɗan marigayin waya na faɗa masa. Ya yi ɗan jim, don na san unguwa ta riga ta kai su kuɗin fili a Hotoro, sannan ya ce alhamdu lillahi, ko ba komai Malam ya samu abin rubutawa.

Sauran abin da ke cikin akwatunan dattijon ya fi nawa ban sha'awa. Akwai azurfa mai hoton Shugaba Diori Hamani da shekarar 1960, ta tunawa da samun 'yancin Nijar, wadda ba a taɓa sayen ko goro da ita ba a Maraɗi. Akwai jerin furuf na kwabbanmu na 1973, da rijiyoyin mai a kan kwabo ɗaya da dalar gyaɗa a kan ashirin da biyar, buhunan sun fito ɗaya-ɗaya har kana iya ƙirgawa. Na tambaye shi a ina ya samu. Ya ce daga wani dillali a Beljiyam. Duka na Nijeriya da na Nijar da ke hannunsa masu kyan nan, babu ko ɗaya da ya saya a ƙasar Hausa. Abin ya tsaya mini. Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana juya kuɗi, daga wuri zuwa liyari zuwa fam, amma mai son ganin dalar gyaɗarta yadda mai zanen ya zana ta sai ya aika Turai. Kuma ba talauci ne ya jawo ba, don kayan aikin duka fitila ce da madubi da tawul. Gidaje nawa ne a Tarauni da Fagge da cikin birni ke da irin wannan akwati a ƙasan adaka, na tsofaffin ma'aikatan banki da 'yan majalisar Jamhuriya ta Farko? Mu abu in yana da daraja a wurinmu sai mu goge shi, kuma a wannan harka gugar ce ke kashe shi.

Kafin in taso ya raka ni babbar kasuwa, wurin maƙeran Buzaye. Su ma liyari ce abar cinikinsu, kuma suna da nasu gwajin: a ɗora ta a kan ɗan yatsa a ƙwanƙwasa, ta gaske ta yi doguwar ƙara, jabu ta yi gajeriya. Dattijon ya toshe kunne da wasa, ya ce a wurinsu wannan ta'asa ce. Ya ƙara da cewa har gobe gidan buga kuɗi na Biyana na buga liyari, har da ta furuf, da 1780 ɗinta. Wani Buzu ya ce shi bai ga amfanin azurfar da ba za a taɓa ba. Suka yi ta musu cikin raha, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na sayi kilishi na jika biyu, wanda ya fi namu kauri da ƙarancin yaji, da cuku na Hajiyata. Mai masaukina ya hana ni biyan kabu-kabu zuwa tasha, ya kuma ba ni tsohon madubinsa, ya ce in na koma in fara da tasar Kurmi, wataƙila akwai wanda yashi bai kai gare shi ba.

A dawowa ban tsaya Katsina ba sai don sauya mota. Nan da can ana hango aikin layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai haɗa Kano da Maraɗi, fasinjoji na ta gardamar ko za mu ga ranar da zai tashi. Na shigo gari da la'asar, na biya Wapa in mayar da ragowar saifata. Ɗan canjin ya ƙirga takardun ya biya ni. Na juye masa tsabar da ta taru a aljihuna, 'yan hamsin da ɗari da ɗari biyar mai launi biyu, wajen jika uku. Ya tura mini su baya da gefen hannu.

“Takarda kawai muke karɓa, Alhaji. Waɗannan sai dai ka ajiye, in za ka koma.”